Kiɗan Juma'a, Waƙar Lahadi

Duk wanda ya ce maka ya taɓa jin shiru a Sharaɗa, ka duba kunnensa. Injina na gurnani a cikin kamfanoni, janaretoci na amsa musu daga baya, manyan motoci na huci a bakin ƙofa suna jiran lodi. Ko ruwa ka zuba a kofi ka ajiye a ƙasa, za ka ga yana rawa shi kaɗai. To a irin wannan wuri ni Timoti, mutumin Kagoro, mai tsaron injin buga leda, na ga ya dace in buɗe situdiyon kiɗa. Matata Salama da ta ji, cewa ta yi me ya hana in kama ɗaki a cikin injin niƙa gaba ɗaya in huta.

Tun ina yaro nake buga fiyano a coci, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa abin da nake so ba. So nake in bar leda in ci abinci da kiɗa. Hanyar kuwa ɗaya ce a garin nan. Mai kiɗa ba shi da allon talla, ba shi da shago a bakin titi. Waƙa daga waya zuwa waya take yawo, ba wanda ke rubuta wa ya yi me. Tallarsa ɗaya ita ce bakin mawaƙi. A tsakiyar waƙa mawaƙi zai yi jinjina, ya ce wane ne a kan kiɗa. In kiɗan ya yi daɗi, gobe wani mawaƙin zai shigo unguwa yana tambayar ina wane yake. In ba a ambace ka ba, ko yatsunka sun ƙare a kan fiyano, babu kai. Abin da nake nema ke nan, a kira sunana a waƙa.

A kamfani na haɗu da Abdulbaqi, ɗan Ringim, mai ɗaure leda a ƙarshen layinmu. Yana aiki yana waƙa, muryarsa na ratsa ƙarar inji ta iso har inda nake. Na girme shi nesa ba kusa ba, Yaya yake ce min. Wata rana a teburin mai shayi na ce masa, "Kai Baqi, wannan murya asara ce a bar ta a kan leda."

Ya yi dariya ya ce, "To Yaya, ina za a kai ta?"

Muka kama wani ɗan ɗaki a bayan wani tsohon sito, muka lulluɓe bango da kiret ɗin ƙwai da guntayen katifa. Na kawo fiyanona, da tsohuwar kwamfuta da na saya a hannun wani ɗan cocinmu, da makirfo mai tari. Na kuma kawo abin da ya bambanta kiɗana da na kowa: tulun da matan zumunta ke bugawa a coci, da caki, da sarewar gora. Yawancin masu kiɗa daga cikin fiyano suke ciro ganga da kalangu, shi ya sa za ka ji waƙoƙi birjik kamar uwa ɗaya ta haife su. Ni kuwa da hannu nake buga tulun a gaban makirfo. Muryarsa can ƙasa take, a ciki mutum ke jin ta kafin kunne ya ji. Matsalar ita ce a can ƙasan ne gurnanin janareta ya yi zamansa. Mun gwada da safe, mun gwada da yamma, duk abin da muka ɗauka sai ka rantse a bayan tirela aka yi shi.

Sai muka lura sau biyu a mako Sharaɗa ke rufe baki. Ranar Juma'a, in an sallami ma'aikata su tafi masallaci, ana kashe injina, direbobi ma su kashe motoci. Sai kuma safiyar Lahadi, da kamfanonin layinmu ke tsayawa a yi shara da gyare-gyare. Ga abin dariya: shirun Juma'a Baqi na masallaci, shirun Lahadi ina coci ina buga wa mawaƙa. Allah ya ba mu shiru biyu, bai ba mu ko ɗaya tare ba.

Muka raba aiki. Juma'a tawa ce, in zo in ɗauki tulu da sarewa in haɗa kiɗa in bari. Lahadi tasa ce, ya zo ya ɗora murya a kai. Don haka na yanka masa makulli, na zaunar da shi na koya masa kwamfuta. Wayyo wannan koyarwa! Ranar farko da yatsa biyu ya riƙe mawus, kamar an miƙa masa kunama. Na nuna masa inda zai danna ya buɗe kiɗa, inda zai danna ya ɗauki murya, da yadda zai fitar da waƙa ya zuba a filas. Iyakar iliminsa ke nan har gobe. Sa shi gaban fiyano ka ce ya ba ka abu ɗaya mai ma'ana, sai ya kama sosa ƙeya.

Ina son Juma'ar nan fiye da yadda zan iya faɗa. Da an kashe inji na ƙarshe, kunnena zai ɗan yi ƙara shi kaɗai, sannan in fara jin tattabaru a kan rufin sito. In zare audugar kunne in ruga da gudu, ko abincin rana ba na bi ta kansa. In rufe ƙofa, in rungumi tulu tsakanin gwiwoyi, gumi na zuba, ba na ko kunna fanka don kada iskarta ta shiga makirfo. Kafin masallata su dawo a sake tayar da injina, na bar sabon abu a kwamfuta. Haka muka yi ta yi, damina ta wuce, wata ta zo.

Albam ɗin da muka shirya yi wa Baqi kuwa ya ƙi ƙarewa. Duk Litinin in tambaye shi, ya ce, "Yaya, muryar ba ta zauna ba, na goge." Na ɗauka tsabar son aiki mai kyau ne, har ina yabonsa wurin Salama. Wata rana na tarar da sabon makirfo a ɗakin, ya ce wani kawunsa ne na Dakata ya ba shi kyauta. Bayan nan sai ga hedifon, sai ga kujera mai juyawa. Na ce wannan kawu Allah ya ƙara masa arziki. Ni da bakina na yi addu'ar, Baqi ya ce amin.

Ana haka na ji labarin Malam Ɗahiru, wani tsohon ma'aikacin rediyo da ya mayar da wani sito a Bompai situdiyo na gaske, kuma yana neman mai kiɗa. Na zaɓi mafi kyawun abin da hannuna ya taɓa yi na zuba a filas, na roƙi wani ya riƙe min inji, na sa rigata ta zuwa coci na tari adaidaita sahu. Ban gaya wa Baqi ba. So nake in dawo masa da albishir, in ce mun samu inda za mu yi aiki a ɗaki ɗaya, a rana ɗaya, kamar sauran mutane.

Da aka mayar da ƙofar ɗakin Malam Ɗahiru aka rufe, Bompai gaba ɗaya ta ɓace. Ranar Talata ce da rana tsaka, amma ina jin numfashina. Saura kaɗan in yi hawaye. Shi dattijo ne mai furfura a gemu, gilashinsa a kan hanci. Ya karɓi filas ɗin ya saka, ya jingina. Tulu na shigowa ya yi murmushi. Na ce a raina na ci. Sai na ji yana bin sarewar da baki, kuma yana riga ta isa inda za ta.

"Wannan ai na Saudat ne," ya ce. "Wanda ta yi wa amaryar nan ta Kumbotso."

Na ce, "Wace Saudat, Malam?"

Wayarsa ya lalubo ya danna. Kiɗana ne, ba kama ba, shi ne. Har inda hannuna ya ɗan zame a kan tulu na bar shi don ya yi min daɗi. A kansa wata mace ce mai zaƙin murya take yabon amarya da danginta. Da ta kai tsakiya sai ta ɗaga murya: "Jinjina Baqi mai tulu, hannunka zinariya ne!"

Baqi mai tulu. Mutumin da in ka ba shi tulu, ruwa zai tafi nema.

Malam Ɗahiru ya danna wata, ya danna wata. Maza da mata, muryoyin da ban taɓa ji ba, kowa a kan Juma'ata, kowa na gaida Baqi. Waƙoƙin biki ne da na suna, irin waɗanda ke yawo a wayoyin mata daga wannan gida zuwa wancan. Ni da ba a gayyata ta irin waɗannan bukukuwa, kunnena kuma kullum a toshe a gaban inji, a ina zan ji su?

"Malam," na ce, "ni na yi kiɗan nan. Dukansu."

Ya zare gilashi ya dube ni. "Au, kai ne Timoti? Ai ya faɗa min kai. Ya ce yana da yaro mai hannu, shi ke buga masa in ya tsara. Da ma na ce ya zo min da kai."

Yaro. Na maimaita kalmar a raina.

"Malam, don Allah ku sa shi gaban fiyanon nan ku gani da idonku."

"Na sa shi," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ba yau na fara ganin masu kiɗa ba, na san abin da na gani. Amma ɗana, mawaƙan da ke damuna da waya ba cewa suke ina mai hannu ba. Cewa suke ina Baqi mai tulu. Shi na ɗauka, farkon wata zai fara. In ya tsaya gaban mawaƙansa ya faɗa da bakinsa cewa kai ne, suka fara kiran sunanka, to ka dawo mu yi magana. In ba haka ba, akwai kujera a gefensa, ba zan hana ka ba."

Ban san yadda na iso gida ba. Da na gaya wa Salama, ta ce in je in kwashe kayana tun kafin su ma su koma na kawun Dakata. Na ce mata ba kaya ne suka ɓata ba. Sauran kwanakin makon ina ganin Baqi a ƙarshen layi yana ɗaure leda yana waƙa, ya ɗago hannu ya ce, "Yaya, barka da aiki!" In ɗaga masa nawa. Raina na tafasa, amma na yi shiru, don ina so in ga Lahadin nan da idona. Ranar Juma'a na je ɗakin na zauna har aka tayar da injina, ban taɓa komai ba.

Safiyar Lahadi na aika wa fasto cewa a nemi wani ya buga, abin da ban taɓa yi ba. Tun daga kwanar sito na fara ganin babura a jere. A ƙofar ɗakina ga takalma, ga benci har biyu cike da mutane, wasu na bitar baiti a hankali. Har wata mai zoɓo ta kafa kularta a inuwa. Mai zoɓo ta san da kasuwar, ni mai ɗaki ban sani ba. Na nufi ƙofa, wani mai jar hula ya tare ni da hannu.

"Malam, layi ake bi."

Na ture hannun na shiga. Ga Baqi cikin shadda mai maiƙo, da baƙin gilashi a cikin ɗaki, ya hakimce a kujera mai juyawa. Hannunsa ɗaya na kan fiyano, fiyanon kuwa ko kunna shi ba a yi ba. A gaban makirfo wata mace ce tsaye da mayafi, hedifon a kunne. Tana buɗe baki na gane muryar, Saudat ce. Kiɗan da ke fita wanda na bari ne makon da ya wuce.

Baqi ya juyo ya gan ni. Ya buɗe baki zai ce Yaya, na ga kalmar ta zo har leɓensa, ya haɗiye ta.

"Timo, ka shigo?"

"Fito," na ce.

Muka zagaya bayan sito, gefen kwatar da ke kwaso jan ruwa daga kamfanin rini. Ya cire gilashin, idonsa ya yi tsuru-tsuru.

"Wallahi Yaya ba shirya shi na yi ba. Wani ne ya biyo ni wata Lahadi, ya ji kiɗan, ya ce kai ka yi? Na yi shiru. Ban ce ni ne ba, ban ce ba ni ba ne. Kafin in farga ya saka sunana a waƙarsa, ya kawo wani, wanin ya kawo wata. Kullum cewa nake gobe zan faɗa maka."

"Ka je har Bompai ka ce ni yaronka ne."

Ya sunkuyar da kai. "Don a ɗauke mu tare na faɗa. Kuma abin da aka samu ai ga shi nan a ɗaki, makirfo, kujera, ban ci ni kaɗai ba."

"Ashe kai ne kawun Dakata."

Can ya ɗago, ya yi ƙasa da murya. "Kuma Yaya ka san mutanenmu. Waƙar biki ce, ana ambaton Alhaji wane da Hajiya wance, sai a ji Timoti a tsakiya..."

"Ka tambaye su suka ƙi?"

Ya kau da kai.

"Wa ka tambaya, Baqi? Faɗa min mutum ɗaya."

Babu. Wannan ta fi min ciwo a kan maganar yaro. Mutumin da muka ci a kwano ɗaya, wanda Salama ke ajiye wa abinci daban in ya zo da azumi, yau shi ne ya tuna min sunana bai dace da bakin mutane ba.

"Abu ɗaya nake so," na ce. "Ba na son makirfo, ba na son kujera. Mu koma ciki ka faɗa musu wa ya yi kiɗan. Da bakinka, yanzu."

Idonsa ya kawo ruwa. Ya kama hannuna da hannu biyu. "Na rantse da Allah, Yaya. Yanzu-yanzu zan faɗa. Ni ma abin ya ishe ni."

Na yarda da shi. Na san shi tun yana jiƙa garin kwaki ba suga a bayan kamfani, kuma zuciyata na son in yarda.

Muka koma. Waɗanda ke kan benci sun ji alamar akwai magana, sun taso sun cika ƙofa. Mai jar hula har ya ɗaga waya yana ɗauka. Baqi ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya yi gyaran murya.

"Jama'a, wannan Timoti ne."

Ya tsaya. Ina kallonsa yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ya kalli Saudat, ya kalli wayar da aka ɗaga. Hannunsa ya lalubi aljihu, ya ciro baƙin gilashin ya mayar.

"Yana taimaka min sosai. Hannunsa na da kyau, gaskiya. Tare muke."

Ya koma ya zauna a kujerarsa. Shi ke nan rantsuwar.

Na juya wurin Saudat. "Baiwar Allah, kiɗan da ke kunnenki ni na yi shi. Shi da na amaryar Kumbotso, da duk wanda aka taɓa ba ku a ɗakin nan."

Wani daga ƙofa ya sheƙe da dariya. "Ka ji yaran situdiyo! Da sun iya danna abu biyu sai su ce sun fi oga."

"Yaro da furfura?" wani ya ce, aka ƙara dariya. Baqi na ji, bai ce a bari ba.

Saudat ba ta yi dariya ba. Ta zame hedifon daga kunne ɗaya, ta dube ni, ta dubi Baqi.

"To ai abin bai kai faɗa ba," ta ce. "Ga wurin jinjina nan tafe. Sai in ce Baqi da Timoti. Ko ma in ce Timotin kawai a wannan, tunda naka an sha faɗa. Timoti ko? Sunan ma da daɗin rerawa. Oga Baqi, ya ka gani?"

Ba a ce ya tona kansa ba, ba a ce ya fasa Bompai ba. Eh kawai ake nema, matar da kanta ta kawo masa ita har baki.

Baqi ya ɗauki hedifon ya sa. Ya mayar da kiɗan baya zuwa wurin jinjina, ya rufe ido, yana gyaɗa kai kamar mai awo. Ya sake mayarwa ya sake saurara. Sannan ya cire, ya girgiza kai.

"A'a, ba zai hau ba. Wurin ya yi kaɗan. Bar shi yadda muka tsara, ma duba a wata waƙar."

Saudat ta ɗaga kafaɗa. "To, kai ne masani." Ta gyara hedifon ta fuskanci makirfo.

Wurin ya yi kaɗan! Ko ɗan firamare ya san Baqi mai tulu ya fi Timoti tsawo. Kuma wurin nan na san shi, ni na buɗe shi. Na janye sarewa, na rage caki, na bar tulu shi kaɗai yana tafiya. Ranar da na yi shi, ni kaɗai a ɗaki, sai da na rera sunana a ciki don in gwada, ina jin kunyar kaina. Ya zauna daram, har da sauran wurin numfashi.

Kiɗan ya taso. Masu leƙe suka matso, wani ya ture ni da kafaɗa har na koma bakin ƙofa, cikin takalman mutane. Sarewa ta janye, tulu ya rage shi kaɗai. Saudat ta ja numfashi ta kira sunansa, kuma ta kira shi da daɗi.